Ɗalibin da ke kiɗa don jin daɗin ransa kawai, da wane suna za a kira shi?

Mai Jita:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai kusan sati biyu ke nan, na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni, shi ne na ce bari in kawo nan.

Ni ɗalibi ne, aji huɗu, ina karanta injiniyan lantarki. Na koyi kaɗa jita ne a yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Wani ɗan hidimar ƙasa da ke haya kusa da gidanmu zai koma garinsu, ya sayar mini da tsohuwar jitarsa, tsirkiya biyar gare ta, ta shidan ta tsinke. A YouTube na koya, cikin dare lokacin da data ke araha. Sai da kan yatsuna huɗu suka yi ruwa, suka fashe, suka yi kanta, kafin sautin ya fara fita tas.

Da aka koma makaranta na samu abokai biyu. Ɗaya yana busa sarewar da ya yanka da kansa daga bututun roba na ruwa, ɗayan kuma jarkar lita ashirin da biyar yake bugawa da tafin hannu. Ranar Alhamis da Asabar bayan la'asar mukan zauna bayan ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin wata darbejiya, har a kira magariba. Ba mu da suna, ba mu taɓa naɗar komai ba. Idan na fito daga lakcar lissafi kaina ya ɗau zafi, wannan awa ɗaya da rabin ita ke dawo da ni daidai.

To sai ƙungiyar ɗaliban jiharmu ta shirya daren al'adu, aka matsa mana sai mun yi minti goma. Muna tsakar yi wani ya taso ya liƙa mini ɗari biyu a goshi. Gumi ya riƙe takardar, tana rufe mini ido ɗaya, hannuwana biyu kuma suna kan jita, ba halin cirewa. Wasu suka biyo baya. Wani ya ɗauki bidiyo, kafin kwana uku ya isa zauren WhatsApp na danginmu. Kawuna ya kira ni, ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "An tura ka karatu ka koma roƙo?" Su kuma 'yan ajinmu tun ranar tambayarsu ɗaya ce: yaushe za ka shiga situdiyo, yaushe za mu ji ka a Audiomack?

Da kawu da 'yan ajinmu duk abu ɗaya suka ɗauka, cewa duk wanda ya riƙe abin kiɗa kuɗi yake nema. Ni kuwa wallahi ba abin da nake nema. Shin a wajenmu babu gurbin mutumin da zai yi kiɗa kamar yadda wani ke buga ƙwallon yamma, ya gama ya wanke ƙafa ya tafi masallaci?

Ɗan Sarewa:
Wa alaikumus salam. Gurbin yana nan tun kafin a haife mu, mantawa muka yi. Makiyayin da ke busa sarewa a bayan shanunsa wa ke biyansa? Ni a ƙauye na tashi, da kaka idan an yanke dawa yara mukan fafe kara mu yi abin busa, mu yini muna damun mutane. Ba wanda ya ce mana maroƙa.

'Yar Zazzau:
Ɗan Sarewa ya riga ni. Ƙara da gaɗa, da shantu, da kiɗan ƙwarya na cikin gida, da tashe a watan azumi. Matan aure da ke kifa ƙwarya a cikin ruwa ranar suna ko ranar kamu, yawancinsu ba sana'arsu ba ce, nishaɗi ne tsakaninsu. Abin da na lura shi ne, al'adarmu ta bar wa yara da mata da makiyaya wannan fili. Namiji baligi ɗan gari, musamman mai karatu, shi ne aka rufe wa ƙofa. Da zarar ya ɗauki kalangu ko garaya an ba shi aji a cikin al'umma, ko ya so ko bai so ba. Matsalarka ke nan Mai Jita, ka girme wa filin da aka ware.

Mu a hostal ɗin mata har yanzu ana yi. Daren da muka gama jarrabawar zangon da ya wuce, wata 'yar ɗakinmu ta ciko baho da ruwa ta kifa ƙwaryar da take dama fura a ciki, ta samo cokula biyu. Wata ta jawo bokiti. Idan aka danna ƙwaryar cikin ruwa sautin ya canza, idan aka sake ta ya koma wani, to da wannan kaɗai ta riƙa juya kiɗan. Kafin minti ashirin 'yan ɗakunan da ke layinmu sun cika ƙofa, har da waɗanda ba sa jin Hausa, ana tafi ana amshi. Waƙoƙin gaɗar da na ɗauka na manta tun ina 'yar shekara tara sai ga su suna fito mini daga baki ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta ɗaga waya, don tun farko mun yi sharaɗi a kan haka.

Likitan Gobe:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku daɗin hira. Ni ina cikin waɗanda kiɗan "nishaɗi" ya gallaba. A aji biyu an haɗa ni ɗaki da wani mai fiyano, irin ƙaramin nan mai batir. Waƙa ɗaya ya yi wata uku yana koyo, kullum a wuri ɗaya yake kuskure, ya koma farko. Ni kuma ina da ƙasusuwan hannu da jijiyoyinsu da zan haddace kafin safiya. Na roƙe shi, na haɗa shi da shugaban bulok, aka ce mu sasanta. Ƙarshe ni na koma kwana a aji, sauro ya cinye ni, na kwanta zazzaɓi ana saura kwana huɗu jarrabawa. Nishaɗin wani azabar wani ne. Ɗaki mai mutum shida ko takwas ba wurin koyon kiɗa ba ne.

Mai Jita:
Likita gaskiyarka, Allah Ya ba ka haƙuri. Shi ya sa ban taɓa kaɗawa a ɗaki ba. Jitar tana ƙarƙashin gado cikin jakarta, sai na fita da ita.

Likitan Gobe:
To kai ka san ya kamata. Shi ko iyafis ya ƙi saya, kuma fiyanon yana da ramin sa shi.

Jikan Makaɗa:
Na karanta tun daga sama, kuma akwai abin da ya sosa mini rai wanda ba wanda ya taɓo. Malam Mai Jita, me ya sa ɗari biyun nan ta ƙona maka goshi haka?

Ni gidanmu gidan kiɗa ne. Kakana makaɗin mahauta ne, da kalangu ya ciyar da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Mahaifina ya yi, yayyena biyu suna yi har gobe. Da kuɗin liƙi aka biya mini JAMB, da shi nake biyan rajista duk shekara. Na iya kalangu tun ban kai shekara goma ba, na san yadda ake jiƙa fata a ɗaura, na san yadda ake matse tsirkiya a hammata har ganga ta kira sunan mutum da na ubansa. Amma shekarata uku a jami'a ba wanda ya sani, ko abokin kwanana. Don na san ranar da aka sani, sunana ya tashi daga wane ya koma ɗan maroƙa, kuma ranar da na je neman aure za a tuna mini.

Kai ka ɗauki jita don sha'awa, an yi maka kallon da ake yi mana na dare ɗaya tak, ka kasa barci sati biyu. Kana son kiɗan, amma kana gudun a haɗa ka da masu shi. Ka yi mini afuwa idan na yi zafi, amma abin da na gani ke nan.

Ɗan Sarewa:
Kai, wannan magana ta shige ni.

Mai Jita:
Ɗan'uwa ban san me zan ce ba. Na karanta sau uku. Ba zan yi maka musu ba, lokacin da kawu ya ce "roƙo" na ji kamar an zage ni, kuma ban tsaya na tambayi kaina me ya sa kalmar ta zama zagi a kunnena ba. Ka yafe ni.

Amma akwai wani ɓangaren da nake so ka duba. Da aka fara liƙin, kiɗan ya canza a hannuna. Wanda ya liƙa ɗari biyar ya tsaya a gabana yana jira in kira sunansa. Ban san sunansa ba, ban kuma iya wannan ba. A ƙarƙashin darbejiya idan na ga dama in tsaya a tsakiya in sake, in na ga dama in yi minti goma a kan sauti biyu. Ba wanda nake bi, ba mai bi na. Wannan 'yancin nake tsoron rasawa, ko da babu maganar kawu.

Jikan Makaɗa:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kuma ka san wani abu? Mu ma muna da irin wannan lokacin. Idan an dawo daga biki an raba kuɗi an ci abinci, wani lokaci mahaifina yakan jawo kalangu a zaure shi kaɗai, a hankali, ba waƙa ba kirari. Ya ce mini wanda ake yi a fili na mutane ne, wannan nasa ne. Wanda ya fi daɗi ke nan a duk kiɗan da na taɓa ji.

Almajirin Ilimi:
Assalamu alaikum. Ana ta maganar al'ada da abin da mutane za su ce, ba a yi maganar abin da ya fi muhimmanci ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, sun yi rangwame ne a kan duffi, wato ganga mai fuska ɗaya, a biki da idi. Ɗan'uwa Mai Jita, ina yi maka nasiha don Allah, ba don kawu ba. Lokacin da kake ba jita, da Alƙur'ani ka ba shi da ya fi maka. Kuma zuciya idan ta saba da kiɗa, karatu yakan yi mata nauyi.

'Yar Zazzau:
Malam, an gode da nasiha. Amma tunda ka ce mafi yawa, ka san akwai saura. Ibn Hazm bai ga haramcin ba, kuma akwai malaman zamani da suka bi bayansa da sharaɗin kada a haɗa da alfasha ko a bar farilla. Hadisin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi ma sananne ne. A Kano kuma ana buga bandiri a zikirin Ƙadiriyya shekara da shekaru. Ban ce ka bar fahimtarka ba, na ce dai a faɗi saɓanin yadda yake.

Almajirin Ilimi:
Saɓanin yana nan, ban ɓoye ba. Amma hadisin da kika kawo a kan duffi da ranar idi yake, ba jita duk Alhamis da Asabar ba. Barin abin da ake shakka ya fi aminci. Na faɗi nawa, shi ya san abin da zai yi da shi.

Mai Jita:
Na gode Malam, kuma na san don ƙauna ka faɗa. Na karanta ɓangarorin biyu gwargwadon iyawata, ban ɗauki abin da wasa ba. Abin da na riƙe wa kaina shi ne, kiran salla na tashi jita na shiga jaka, kuma izuna na safe ban taɓa bari ba saboda ita. Ka sa ni a addu'a.

Shugaban Zaure:
Jama'a, kowa ya faɗi hujjarsa cikin ladabi, mun gode. Maganar hukunci a tsaya nan, wanda ke son ƙari ya nemi malaminsa. Na goge saƙonni biyu da suka fara kafirta juna. A ci gaba da abin da aka faro.

Ɗan Zonkwa:
Ni Kirista ne daga kudancin Kaduna, bari in kawo yadda abin yake a wajenmu, ko zai yi amfani. Mu tambayar Mai Jita ba ta taso mana sosai, domin akwai majami'a. Yaro yana shekara goma sha biyu zai fara taɓa ganga ko fiyano bayan an tashi sujada, wani babba ya nuna masa. Iyayenmu mata na zumunta suna buga tulu da kacau-kacau, suna waƙa da Hausa, cikinsu akwai nas, akwai malamar firamare, akwai mai sayar da hatsi. Ba mai ce musu makaɗa, ba mai liƙa musu don su ci abinci. A makaranta ma ƙungiyar mawaƙanmu ta ɗalibai kusan duk 'yan kimiyya ne da lauyoyin gobe. Abin da na gani shi ne, idan akwai wurin da aka san ana yi ba don kuɗi ba, sunan yakan zo da kansa. Ku darbejiyarku ita ce wurin, sai dai ku uku ne kawai kuka san da ita.

Sannan shawara a kan jitar: hunturu na zuwa. Iskar nan tana busar da katako har ya tsage, wuyan jita ya lanƙwashe. Ka samu soso ka jiƙa ka matse sosai, ka sa a leda mai huji-huji ka ajiye cikin jakar. Kada ka jingina ta a bango inda rana ke bugawa. Ni na yi asarar ɗaya a haka.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan'uwa na Najeriya. Ni a Yamai nike karatu, jami'ar Abdou Moumouni. Nan wajenmu jita ba baƙuwa ba ce, saboda 'yan'uwanmu Buzaye. Samarin Agadas in sunka zauna shan shayi, jita na zagayawa hannu zuwa hannu kamar yadda kofin shayin ke zagayawa, wanda ya iya kaɗan ya yi kaɗan ya miƙa. Mdou Moctar da duniya ta sani yanzu, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, gidansu ba su so. To amma ko nan, in ɗan Bahaushe ya ɗauki gurmi ko goge, kallon da Jikan Makaɗa ya faɗa shi za a yi mishi. Jita ta baƙi ce, ba ta da dangi a cikinmu, shi ya sa ta fi sauƙin ɗauka ga ɗan lakwal. Gurmi kuwa an san gidan da ya fito.

Wanda ya karya wannan a wajenmu shi ne marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018. Malamin makaranta ne, da alli a hannunsa, ya ɗauki gurmi bai ji kumya ba. Kuma akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya nan Yamai, inda anka tara kayan kiɗan gargajiya, mutum na iya zuwa ya gani ya koya ko ba gadonsa ba ne.

Baba Tsohon Ɗalibi:
'Ya'yana, na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni na yi jami'a a farkon shekarun 1980, yanzu na yi ritaya. A zamaninmu idan ƙungiyar Hausa za ta yi biki, makaɗa ake ɗaukowa daga gari, mu mu zauna a kujera da manyan riguna muna tafi. Mun rubuta takardu a kan waƙoƙinsu, mun fassara, mun ciro salo da jigo, amma a cikinmu ban san mutum ɗaya da ya taɓa riƙe makaɗi ya gwada ba. Ina da sha'awar garaya tun ina yaro, akwai wani maharbi a unguwarmu da ke kaɗa ta da daddare. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu yatsun sun ƙage, ko carbi da ƙyar.

Game da kawunka, Mai Jita, kada ka yi fushi da shi. Tsoro yake ji, kuma tsoron yana da tushe, ya ga yaran da suka bar karatu suka bi situdiyo suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ba da gardama za ka ci shi ba. Ka je da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nuna masa sakamakonka na zangon nan. Shi ne yaren da zai ji.

Kuma ku tuna Mamman Shata ma bai gaji kiɗa ba. A Musawa yana saurayi yana tallan goro, waƙa a dandali yake yi don nishaɗi, mahaifinsa bai so ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Jami'ar da ta iya sa wa mawaƙi hular dakta, bai kamata a ce ɗalibi yana ɓoye kalangu a cikin irinta ba. Wannan da kai nake, Jikan Makaɗa.

Jikan Makaɗa:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Sai dai Baba, Shata ɗaya ne. Hular da aka sa masa ba ta sauko kan kakana ba, har ya rasu a bakin ƙofa ake tsayar da shi. Amma na ji maganarku, kuma ta yi mini nauyi.

Baba Tsohon Ɗalibi:
Haka ne ɗana, ba ni da amsar wannan.

Ɗan Situdiyo:
Ni dai har yanzu ban gane abin da ke hana ku naɗa ba. Ba sai kun je situdiyon Zoo Road a Kano kun biya ba. Waya ta isa. Ku sauke manhajar naɗar sauti ta BandLab kyauta ne, ko FL Studio na waya. Ku shiga ɗaki lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tada janareto, ku rataya barguna a bango don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, wayar ta yi kamar taku ɗaya daga ramin jitar. Mai jarka ya matsa can baya don zai danne kowa. Baiwa ce Allah Ya ba ku, ku bar ta a ƙarƙashin bishiya?

Mai Jita:
Na gode, amma ka ga irin tambayar da na ce ana yi mini ke nan. Bidiyo ɗaya da ban ɗauka ba ya jawo mini duk wannan. Kuma da zarar an naɗa, sai a fara ƙirga mutum nawa suka saurara, sai a fara tunanin me zai burge su. Ni ban kai can ba, ban kuma tabbata ina son kaiwa ba.

Ɗan Situdiyo:
To ku naɗa don kanku mana, ku ji inda kuke kuskure. Ba dole a watsa ba.

Mai Jita:
Wannan kam zan iya. Tunda an zo nan ma, ina da matsalar da ta fi damuna a kiɗan kansa. Duk abin da na koya a YouTube na Turawa ne. Idan na ɗora baitin Hausa a kai sai in ji kalmomin sun karkace, kamar baƙo ne ke magana. Mai sarewarmu kuma ramuka huɗu gare shi, rabin sautukan da nake kaɗawa ba ya samunsu.

'Yar Zazzau:
Wannan fannina ne, Hausa nake karantawa. Harshenmu yana da karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau ko ta sauka ko ta faɗo, kuma ma'ana na rataye a kai. Faɗi "kuka" na hawaye, ka faɗi "kuka" ta miya. Faɗi "wuya" na jiki, ka faɗi "wuya" ta wahala. Harufa ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. To idan karin waƙarka ya hau a inda kalmar ke sauka, kunnen Bahaushe zai ji an murɗe ta, ko bai san dalili ba. Sannan akwai tsawon gaɓa. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo, wasalin farko ne ya bambanta su. Idan ka ja gajeriyar gaɓa don ta cika bugu, ka ɓata kalmar.

Mawaƙan baka ba sa yin kari su zo su cusa magana a ciki. Maganar ce ke haifar da karin. Gwada haka: ajiye jitar, ka faɗi ɗangon da bakinka sau goma kamar kana gaya wa wani a nesa, kana ɗan ja. Za ka ji waƙar ta fara fitowa da kanta. Sai a sannan ka nemo ta a kan tsirkiya.

Ɗan Zonkwa:
Ƙari a kan nata: yawancin kare-karen waƙoƙinmu na nan arewa a kan sautuka biyar suke tafiya, ba bakwai ba. Idan ka samu fiyano, taɓa baƙaƙen maɓallan kaɗai ka ji, nan take za ka ji kamar gida. Shi ya sa mai sarewarku ba ya samunka. Kai za ka sauko wajensa. Ka sa ya busa sautinsa mafi ƙasa, ka ɗaure tsirkiyarka ta yi daidai da shi, ka rage yawan canza riƙo. Tsirkiya ɗaya ta riƙa amo a ƙasa ba tsayawa, sauran su yi yawo a sama.

Ɗan Maraɗi:
Haka Buzaye ke yi ai. Babban yatsa na riƙe da ta sama tana gunji, manuni na zagaye.

Jikan Makaɗa:
Kuma haka kuntigi yake, wanda Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tal. Kai kana da shida kana kukan ba su isa ba.

Mai Jita:
Jama'a na dawo bayan kwana biyar. Na bi maganar Baba, na je gida ranar Asabar na samu kawu a shagonsa. Na kai masa takardar sakamako. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni ko akwai kwas ɗin da na faɗi, na ce babu. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce in fasa jitar ba. Cewa ya yi kada ya sake ganina a bidiyo, kuma kada mahaifiyata ta ji a bakin matan unguwa. Na ce to.

Shawarar 'Yar Zazzau kuma ta yi aiki. Ɗango biyu kawai na samu a zaman jiya, amma karon farko ke nan da mai sarewa ya bi ni daga farko har ƙarshe bai ɓace ba, har mai jarka ya tsaya yana kallonmu.

Saura abu ɗaya. Kuɗin liƙin nan, dubu ɗaya da ɗari huɗu, suna nan a aljihun jakar jita tun daren, ban taɓa su ba. Jikan Makaɗa, kai ka san ƙa'idar abin. Yaya ake yi da su?

Jikan Makaɗa:
Ba naka ba ne kai kaɗai. A gidanmu ba a kwana da kuɗin fili ba a raba ba, kuma mai ƙaramar ganga ma yana da kasonsa. Ka kira mai sarewa da mai jarka ku zauna a kasa uku, abin da ya yi saura a sayi ruwa a sha.

Sannan tun saƙonka na farko na gane darbejiyar da kake nufi, ta bayan ɗakin gwajin nan mai karyayyen benci. Nakan wuce ta can in zan je laburare, na sha rage tafiya in saurare ku. Mai jarkarku yana da hannu, sai dai yana saurin gudu idan kiɗa ya yi daɗi. Na yi wa yayana waya ya ba direban garinmu ƙaramar kalanguna, gobe za ta iso tasha. Ranar Alhamis ina da lakca har ƙarfe huɗu, ku ɗan jira ni. Sharaɗina irin na su 'Yar Zazzau ne, kowa ya bar wayarsa a aljihu.